Jan Ɗigo a Rafin Studena

Ranar da Metod Kravanja ya ga jan ɗigo a jikin kifi a rafin Studena, sai da ya murza idanunsa sau biyu. Da za a ba shi zaɓi, da ya gwammace a ce masa gidansa ne ya kama wuta.

Shekara goma sha tara ke nan yana gadin wannan rafi. Duk faɗin kwarinmu nan kaɗai soshka tsantsa ta rage, kifin da kakanninmu suka tarar, mai zane a jiki kamar jijiyoyin dutse. Sauran koguna tuni baƙon kifi mai jan ɗigo, wanda aka shigo mana da shi shekaru aru-aru, ya haɗa jini da na gida ya lalata iri. Abin da ya tserar da Studena matsirga ce, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, wadda ta fi hasumiyar cocinmu tsayi, ba kifin da ke iya hawanta. Daga saman nan ake ɗibar ƙwai kowace shekara a raya sauran rafuka. To ga shi yau da hantsi, a gurbin da ke ƙarƙashin gadar katako, baƙo yana iyo hankalinsa kwance kamar gidan ubansa.

Kifi dai ba shi da ƙafa. Wani ne ya ɗauko shi.

Metod ya miƙa komarsa. Abin mamaki, kifin ko gudu bai yi ba, sai ma ya doso shi. Amma zuciya ta riga ta ɗebe shi, bai tsaya tambayar kansa dalili ba. Ya tsamo shi, ya kwantar masa da dutse a ka, ya kira Danica Leban, shugabar ƙungiyar masunta, a waya.

Kafin rana ta raba tsaka ta iso ƙauyenmu, Podskala. Mace ce da ba ta san doguwar gaisuwa ba. Ta juya kifin da yatsa a bayan motarta, ta ce, "Guda nawa aka zuba?"

"Ban sani ba."

"Yaushe soshka za su fara zuba ƙwai?"

"Nan da kwana goma. In sanyi ya matsa, takwas."

"In na kawo na'urar da ke sumar da kifi fa, mu tace rafin?"

Ya girgiza kai. "Gurabe uku sun fi ƙarfinta, zurfi gare su. In ɗaya ya ɓuya a ƙarƙashin dutse, mun yi aikin banza."

"Ka ga ke nan sai wanda ya zuba su, shi kaɗai ya san adadinsu." Ta goge yatsanta a wando. "Ka nemo min shi, Metod. Kifi ɗaya ya zuba ƙwai a tsakuwar nan, Studena ta tashi aiki, shekarunka goma sha tara sun bi ruwa. Kuma ka gaya wa mutanenka, in suka rufa wa mai laifi asiri, baɗi ko saniya ɗaya ba za ta bi hanyar ruga ba. Kulle ta zan sa a yi."

* * *

Ta ce "mutanenka", amma gaskiya ba mu ɗauke shi namu ba a lokacin. Tun da ya ja shinge a bakin rafi shekara biyu da suka wuce, don kada shanu su riƙa tattake tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai, muka sa masa suna Uban Kifi. Ya daddasa itatuwa a inda shanunmu ke kwanciya, ya kwashe duwatsun da muka tare ruwa da su. In ya shigo shago sai hira ta mutu. Mu mutanen Podskala ba mu iya faɗa a fili ba, amma wajen gaba ba a bar mu a baya ba.

Ko Teta Fanika, yayar mahaifiyarsa, wadda ta raine shi tun yana ɗan shekara huɗu, ta daina amsa gaisuwarsa. Ita ta koya masa bin sawu, lokacin da suke neman ɓatattun awaki a kan duwatsu. Shekararta saba'in da takwas, kuma har yanzu ita ke yin cukun da ya fi na kowa a ruga, makiyayarmu ta can kan dutse. Ran nan da ya zo wucewa tana zaune a ƙofar gidanta tana ɓare wake.

"Ina wuni, Teta?"

Ba ta ɗago ba. Sai da ya gota ta ce da waken, "Na ji 'ya'yan wani sun yi baƙo."

Maganar ta soke shi, don ya fi son ta zage shi a kan wannan shirun da take masa. Ya haɗiye, ya wuce.

* * *

Da sassafe ya koma gada. An yi ruwa ranar Litinin, laka ta riƙe komai kamar an rubuta mata. Ya tsuguna ya karanta.

Takalmin namiji ne, babba, irin na da mai ƙusoshi a tafi, kuma dunduniyar hagu ta rasa ƙusa ɗaya. A dama akwai ramukan sanda. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne wani zagayayyen shati a laka, gindin garwar madara. Duk taku talatin sai ga shatin, wato mai ita yana ajiyewa yana hutawa. Sawun ya zo gada sau uku, ya koma sau uku. A zuwa akwai shati, a komawa babu, don garwa ta zama fanko.

Sau uku. Amma garwa ɗaya tana cin kifi ɗaya, tana kuma cin goma.

Ya bi sawun har inda ya hau tsohuwar hanyar makiyaya, wadda aka shimfiɗe da duwatsu. Nan ya ɓace ɓat. Hanyar kuwa baki biyu gare ta: ɗaya ya hau ruga, ɗaya ya gangara ƙauye. Metod ko waiwayen sama bai yi ba. Mai jan ɗigo a babban kogi yake, babban kogi kuma a ƙasa yake, ruga kuma ba kowa tun da shanu suka sauko. Ya juya ya gangara, yana lissafa maƙiyansa. Lissafin bai yi masa wuya ba, sai dai yawa.

* * *

Ya fara da Silvo Rutar mai masauki. Silvo ya sha faɗa a bainar jama'a cewa kifin da ba a kamawa ba a ci, ba shi da maraba da dutse. Burinsa a buɗe Studena ya kawo baƙi masu ƙugiya.

Yana hango Metod ya buɗe murya don masu shan barasa su ji. "Kifi na ganinka, mai jar koma! Me za a kawo maka, Uban Kifi? Na ji ana zaman makoki a gidanka."

"Tankin da ke bayan kicin ɗinka nake son gani."

"Da wace takardar?"

"Da wadda Danica za ta kawo gobe da 'yan sanda, in ka fi son haka."

Dariya ta tsaya. Silvo ya miƙe da ƙyar, ya ɗingisa gaba yana ƙunƙuni. Kifin tankin duk na gona ne, masu jan layi a gefe, babu mai ɗigo ko ɗaya. Amma ba tankin Metod ke kallo ba, ƙafar yake kallo. Ta kumbura suntum cikin silifa, kuma ko da lafiyarta ƙarama ce.

Silvo ya lura. "Kalle ta da kyau. Ni da benen gidana ma sai na yi addu'a nake hawa, ni zan hau matsirga da garwa?"

"Wa ya ce maka da garwa aka je?"

"Da me za a je, da aljihu? Ka ji min mutum!" Ya tofar da yawu. "Ka san wanda ya rantse a taro zai nuna maka iyakarka. Ka je wurin Rado mana, in ba tsoro ba."

* * *

Rado Sivec shi ya fi kowa asara a shingen, don makiyayar da ya gada rabinta ta faɗa ciki. Ƙato ne, kuma ba ya dariya sai in wani ya faɗi. Metod ya tarar da shi a garke ya gama tatsa.

"Fita min daga gida," in ji Rado, ko juyowa bai yi ba.

"Ina kake ranar Talata?"

"Ina inda ka bar ni, ina sayen ciyawa da kuɗina saboda kifinka su yi barci."

"Ina son ganin takalmanka."

Rado ya tuɓe ɗaya ya wurga masa a ƙirji. Na roba ne, ba ƙusa. Sannan ya sunkuya ya suri garwa cike da madara da hannu ɗaya, ya aza a kafaɗa, ya ratsa tsakar gida har bakin titi, ƙafa ɗaya ba takalmi, ko numfashi bai sauya ba. Metod ya bi shi da ido. Wannan ba mai hutawa duk taku talatin ba ne.

Da ya dawo ya tsaya a gabansa har suna jin numfashin juna. "Ka hana shanu rafi, muka yi shiru. Ka ce su sha a kwamin ruga, muka ce to. Bana kuma na ji kwamin ma ka toshe. Kai wane irin ɗan gari ne?"

"Sai da shanu suka sauko na toshe. Idon ruwan da ke cika shi na rafi ne, in ba shi tsakuwa bushewa take. Baɗi za a kafa muku tanki."

Rado ya yi masa wani irin kallo. "Yaushe ka toshe?"

"Sati uku ke nan."

Sai ga haƙoran Rado a waje, abin da ba a saba gani ba. "Allah ya ba ka sa'a, Uban Kifi. Da gaske nake. Ina so in ga fuskarka ranar da ka kama ɓarawonka."

* * *

Kwana shida suka tafi a banza. Danica ta manna sanarwar kulle hanya a ƙofar coci, ƙauye ya ɗau zafi, kuma da yake dole a sami wanda za a ɗora wa, sai aka ɗora wa Rado. Aka jefi tagarsa da dutse. Matarsa ta shiga shago, mata suka ba ta baya. Shi kuwa ya kame bakinsa, bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne. Metod ya san ba shi ba ne, amma wa zai saurari Uban Kifi?

A rafi kuma soshka sun fara hawa tsakuwa bibbiyu, matan suna share wuri da wutsiya. Duk safiya sai ya ga sabon farin fili a ƙasan ruwa.

Rana ta bakwai ya zauna a kan gada, ya buɗe kwanonsa na tuwon masara da cuku. Abincin ya ƙi shiga. Yana can cikin tunani ya riƙa buga cokali a gefen kwanon, ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Ruwa ya motsa a ƙarƙashin ƙafafunsa.

Daga gindin dutse wani kifi ya taso, jan ɗigo reras a jikinsa, ya zo daidai inuwar Metod ya buɗe baki yana jira. Soshka inuwar tsuntsu ma ta ishe ta gudu. Metod ya ƙame. Ya ga bakin kifin ya yi kanta, wutsiyarsa ta guntule kamar tsohuwar tsintsiya. Sai ya tuna wanda ya kashe ma haka yake. Kafin ya kai hannu ga komar da ya bari a gaɓa, kifin ya nutse. Ya sake bugawa, ya sake, amma shiru.

Wannan ba kifin kogi ba ne. Kifi ne da ya tsufa yana goga jiki a bangon dutse, wanda ya saba a buga masa ƙarfe a ba shi abinci.

Ya tuna kansa yana ɗan yaro a ruga, Teta tana buga ludayi a jikin garwa, kifaye suna fitowa daga ƙarƙashin murfin kwami suna cafkar ɓarɓashin cuku. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Wannan karon sama ya hau.

Kowane ɗan ruga ya san kifin kwami. Tun tale-tale ake sa shi a kwamin da mutane da shanu ke sha, ya cinye ƙwari, kuma muddin yana da rai an san ruwan lafiya lau yake. Ba a cin sa, ba a kashe shi. Metod ya ɗauka na rugarmu sun mutu tun da daɗewa, don shekara biyu rabonsa da ƙofar bukkar Teta. Ranar da ya toshe bututun da ke kai wa kwamin ruwa ma daga can sama wajen idon ruwa ya yi aikinsa, ya koma ta inda ya fito, don kada su haɗu. Taku ɗari biyu ne tsakaninsa da kwamin, bai taka ba.

Yanzu ya taka. Kwamin ya ƙafe ƙarƙaf, gansakuka ta bushe ta tsattsage. A gefensa ga shatin garwa uku, ga sawun takalmi mai ƙusa. Ya tsuguna ya sa yatsa. Dunduniya ta nutse, amma gaban takalmin da ƙyar ya taɓa laka. Ƙaramar ƙafa ce a cikin babban takalmi, takalmin marigayi Kawu Lojze, mijin Teta. Ya daɗe a tsugune a wurin.

* * *

Ranar Lahadi bayan coci aka taru a zauren 'yan kwana-kwana. Danica na kan tebur, Silvo ya miƙe ƙafarsa a kujera biyu, Rado na tsaye a bango shi kaɗai, ba wanda ya yarda ya matsa kusa da shi. Teta Fanika na layin gaba da baƙin ɗankwalinta, hannuwa a kan sanda.

Tun kafin a buɗe taro aka fara. "Ya faɗi gaskiya mana!" "Saboda mutum ɗaya za a kashe mana shanu?" Silvo ya ɗaga murya ya ce, "Ni dai an bincike ni har tukunyar miya. A tambayi mai rantsuwa."

Metod ya miƙe. Aka yi masa ihu, ya jira har ihun ya gaji.

"Ba Silvo ba ne," ya ce. "Ƙafarsa ba za ta kai shi ba, ko da yake bakinsa ya kai ko'ina. Ba kuma Rado ba ne. Wanda ya ɗauki garwar nan duk taku talatin sai ya huta, Rado kuwa da saniyar ma zai iya hawa. Wanda ya jefi tagarsa ya je ya gyara masa."

"To wane ne?" in ji Danica.

"Kifin ba daga kogi suka hau ba. Daga ruga suka sauko."

Tsofaffi suka fara duban juna, don sun gane tun kafin ya ƙarasa. Ya ɗauko kwanonsa daga jaka, ya buga cokali sau uku.

"Ba haka ake bugawa ba," in ji Teta Fanika. Ba ta ko juyo ba. "Biyu ne a jere, sannan ɗaya. Shekara nawa kana ji, amma ba ka riƙe ba."

Ta dogara sanda ta miƙe, ta fuskanci jama'a. "Ni ce. Ku bar Rado ya sha iska. Lojze ne ya kawo su daga kogi shekarar da zai rasu, suna kamar ɗan yatsa. Ranar Talata na hau ɗauko sauran cukuna, na tarar ruwan kwami bai kai tafin hannu ba, ya yi ɗoyi. Ɗaya ya riga ya mutu ya kumbura. Sauran suna kwance a gefe suna haki. In tsaya ina kallo?"

"Gwaggo, kin san dokar rafin nan," in ji Danica. "Me ya hana ki kai su ƙasan matsirga?"

"Tafiyar awa biyu, da garwa, a shekaruna? Ke kin taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar hannu? Kuma tun kafin a haifi dokarki muke da tamu. In kwami ya ƙafe, ruwa mai gudu mafi kusa ake ba kifinsa, don da za a zuba guba, shi zai sha a madadinmu." Sai ta juyo ga Metod, karo na farko cikin shekara biyu ta dube shi ido cikin ido. "Tunda kai ne mai bin sawu, bi mana wannan. Wa ya ƙafar da kwamin?"

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Metod ya ji idanun ƙauye duka a kansa, ga Rado can yana kallon fuskar da ya ce yana son gani.

"Ni ne," ya ce. "Na toshe, ban leƙa ba." Ya dubi Danica. "In za ki rubuta suna, ki fara da nawa."

Aka yi caa. Wani ya ce a karɓe masa hular aiki, wani ya ce a tumɓuke shingen yau ɗin nan. Metod bai kula su ba, ya matsa gaban tsohuwar ya rage murya.

"Teta, guda nawa ne?"

"Uku na kai. Ɗaya ka fasa masa kai da dutse, an gaya min."

"Saura biyu. Ba sa zuwa kirana. Kwana biyu ya rage, ko ma babu. Don Allah, Teta."

Ta daɗe tana dubansa. "In na kira su suka zo, dutse za ka sa musu?"

Danica ta buɗe baki, Metod ya riga ta. "A bayana zan sauke su har kogi."

* * *

Washegari da hantsi suka hau, ita a gaba cikin takalmin Kawu Lojze, shi a baya da garwa da koma, Danica na bin su. Sanyi ya matsa, ciyawa ta yi fari.

A kan gada ta durƙusa da ƙyar, ta ture hannun da ya miƙa mata. Ta ɗauki ludayi ta buga a jikin garwa, biyu a jere, sannan ɗaya.

Na farko ya taso nan take, namiji, mai guntun wutsiya. Ta marmasa masa cuku, Metod ya zura koma ta ƙasa ya ɗauke shi. Ta sake bugawa. Shiru. Ta sake. Metod yana kallon fararen filayen da ke kan tsakuwa. In macen ta riga ta zuba, ko an kama ta ba abin da aka yi.

"Taho mana, tsohuwa," in ji Teta a hankali, da muryar da take kiransa da ita in ya yi fushi ya ɓuya yana yaro. "Ni ce. Taho."

Daga can ƙarƙashin dutse wata inuwa ta motsa. Ta zo a hankali, babba, ta sa baki a yatsun tsohuwar. Teta ba ta jira koma ba, ta tallabo ta da hannu biyu, ta juya cikinta sama, ta shafa da babban yatsa. Ƙwai huɗu ko biyar suka gangaro tafin hannunta, jajaye. Cikin kuwa tam yake.

"Ga shi nan, ba ta zuba ba," ta ce. "Namijin ma tare da ita yake kwana, bai san kowa ba sai ita. Rafinka ya tsira."

Metod ya ji hawaye ya taho masa, bai san na murna ba ne ko na kunya. Ya goya garwar, suka gangara. Awa biyu ruwan sanyi na zuba masa a wuya, tana bayansa, in ta ga ya dace a sauya ruwa sai ta buga sanda a dutse. A ƙasan matsirga ya tuntsurar da garwar a hankali. Kifin biyu suka tsaya a bakin gaɓa kusa da ƙafarta, ba su san inda za su ba, sai da igiyar ruwa ta ja su.

Ta miƙa hannu. "Ba ni garwata."

"Bari in kai miki gida, Teta."

"Garwar tawa ce. Takalmin na mijina ne." Ta fizge ta. "Kai ne ban san na wane ne ba."

Ta juya ta kama hanyar ƙauye. Danica ta ce wani abu game da rahoto, bai ji ba. Ya tsaya har tsohuwar ta sha kwana, sannan ya bi bayanta, kuma da yake ido ba ya mance sana'arsa, sai ya sami kansa yana karanta laka. Ga dunduniyar da ta rasa ƙusa, ga ramin sanda. Ya ƙirga taku talatin, sai ga zagayayyen shati. Ya ƙirga wasu talatin, ga wani.

Garwar fanko ce, amma ajiye ta take yi.